Wasiƙar da Yaya Ya Taƙaita Mini

Ina koyarwa a firamare a garin Dayi idona ya tafi, farkon shekarun tamanin. Da ciwon kai abin ya fara, sai hazo-hazo, sai duhu. Asibiti suka ce ba abin yi. Ban haƙura ba, na sa aka rubuta wa ofishin ilimi cewa don Allah kada a raba ni da aji.

Mai karanta wasiƙa a gidanmu yayana ne, wanda ke awon auduga a Funtua. A wajenmu kuwa ba a karanta wa mara lafiya takarda yadda take. Mai karatu zai bi ta da ido shiru, ya tace ta, sannan ya faɗi abin da ya ga zuciya za ta iya ɗauka. Wai hankali ke nan!

Amsa ta zo lokacin cirar auduga. Ina jin Yaya ya juya shafi, ya sake juyawa, ya yi gyaran murya.

"Suna jajanta maki, sun ce Allah ya kawo sauƙi."

"Shi ke nan, Yaya? Duk shafi biyun?"

"Turancin ofis ne, kin san su da surutu."

Na cusa takardar cikin Littafi Mai Tsarki. Daga nan na koma ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ina jin ɗalibaina suna wucewa ta bayan danga. Mata suna cewa, "Malama akwai haƙuri." Ba haƙuri ba ne, rashin mafita ne.

Bara 'yar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ta saka mini wata manhaja mai karanta rubutu da murya. Ta ce kyauta ce, kuma kowace irin kwamfuta da tata. Muryar kamar ta mai mura, amma ba ta tsallake layi, ba ta tausayin kowa. Muka ɗauki hoton tsofaffin takarduna muna saurare muna dariya, har muka zo kan waccan.

Ashe gurbi aka ba ni a makarantar koyon rubutun makafi. Wata tara, in dawo ajina. Amsa kawai suke jira kafin sabuwar shekara.

Sau uku na sa ta maimaita. Sai na kira Yaya a waya, ya tsufa yanzu, sai an ɗaga murya.

Ya ce, "Haba ƙanwata. Mace, ba ido, a garin da ba ki da kowa? Ni da Baba muka zauna muka ga bai dace ba. Tausayinki muka ji."

"Ni fa? Ina cikin gidan nan, kunnena garau. Wa ya tambaye ni?"



Har yau raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ido ciwo ne ya ɗauke, na daɗe da sallamawa. Aji kuwa mutanen gidanmu ne suka ƙwace mini, ina zaune a gabansu ina yi musu godiya.