Gayyar da Ban Kira Ba

An sare wa 'yata karatunta da gatari, kuma waɗanda suka sare shi taimakona suka zo yi.

Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Kunci. Ban yi boko ba. Da ƙuruciya haƙar rijiya na yi, har wata ta rufta da ni aka zaro ni da ƙafa a karye. Da ita nake ɗingishi har yau. Matata ta rasu ta bar mini yara, na raine su. Ba ni da yawan magana, ban kuma saba neman hannu wurin kowa ba.

Autata ce ta shiga jami'a a Kano. Na tambaye ta abin da take karantawa, ta ce kimiyyar muhalli. Na ce mene ne shi? Ta ce ƙasa da ruwa da iska da itatuwa. Na ce duk muna da su a gida, amma je ki.

Duk hutu sai ta dawo da sabon abu. Wata shekara ta hana a ƙona leda a tsakar gida. Wata shekara ta ɗebi ruwan rijiyarmu a kwalba ta tafi da shi, ta dawo ta ce a matsar da turken awaki daga bakin rijiyar. Na matsar. Ba ta taɓa sa ni abin da ya cuce ni ba.

Da za ta shiga shekarar ƙarshe, ta same ni ina gyaran ƙotar fartanya.

"Baba, aron gona nake so."

"Me za ki shuka?"

"Ba komai."

"To me za ki yi da gona?"

Ta zauna ta yi mini bayani. Kututturen sabara da kalgo da ke cikin gonakinmu, waɗanda suke toho duk shekara mu sare lokacin sassabe, su take so a bari. A kowane kututture za ta zaɓi reshe mai ƙarfi ta bar shi, ta riƙa auna tsawonsa, ta riƙa ɗibar ƙasar gindinsa tana kai wa makaranta. Noma kuwa in yi abina a tsakaninsu. Ta ce wannan shi ne binciken kammala karatunta, idan babu shi babu digiri, sai ta maimaita shekara.

Na ba ta gonar bakin hanyar kasuwa, don ita ta fi kututture. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaura wa kowane reshe jan ƙyalle da ɗan gwangwani mai lamba, tana ɗaukar hotonsa da waya. Da za ta koma ta ce, "Baba, abu biyu: gatari da awaki." Na ce na ji.

Awaki ba su ba ni wahala ba. Mutane ne.

A wurinmu gonaki a manne suke, iyakar wannan ita ce ta wancan, kowa yana ganin aikin kowa. Idan bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya yi sassabe ya tara ya ƙona. Gonar da aka ga ba a share ba, ko dai mai ita ba shi da lafiya, ko ya mutu, ko rago ne. Ni kuwa an san ni ne nake fara sharewa. Shekarar nan kowa ya gama, tawa tana tsaye da rassa da jajayen ƙyallaye suna kaɗawa, a bakin hanyar da duk mai zuwa kasuwa yake bi.

Wanda ya tambaye ni sai in ce, "A bar su." Iyakar abin da nake faɗa ke nan. Ni kaina da an ce in maimaita bayaninta ba zan iya ba.

Ina da taubashi, ɗan wan mahaifiyata. Tun muna yara yake kirana bawansa. Bakinsa ba ya rufuwa.

"Bawana, kura kake kiwo a gonar nan?"

"A bar su."

"Ƙafar ce ta motsa? Faɗa mini, ni ubangidanka ne, ba na barin bawana ya wulaƙanta."

"A bar su, na ce."

"To ƙyallayen nan fa? Wa ya ɗaura?"

Na tashi na ba shi wuri. Ashe shirun nan nawa shi ya ɗauka ya kai majalisa. Suka zauna suka lissafa: mutum mai ƙwazo ya kasa taɓa gonarsa, ga jan ƙyalle a kowane reshe, ga shi an tambaye shi ya kasa magana. Suka yanke cewa jifa aka yi mini, an ɗaure mini hannu. Kuma sun san ko mutuwa zan yi ba zan kira gayya ba. Sai taubashina ya kira a madadina, ya ce kada wanda ya faɗa mini.

Ranar gayyar na tafi suna wani ƙauye. Da hantsi ina dawowa a bayan babur, na ji kiɗan gayya. Na ce wa mai babur wani ya makara da sharar gona. Muka sha kwana, na ga hayaƙi yana tashi daga tawa.

An ce ba a taɓa jin muryata kamar ranar ba. Ban san na sauka daga babur ba, ban san na yi gudu da ƙafar nan ba. Magidanta da samari sun jeru da gatura da adduna, sun cinye fiye da rabin gonar. Taubashina ya taro ni yana murmushi, riƙe da kwando cike da ƙyallaye da gwangwanaye.

"Bawana, mun kwance ka! Ga tsiyar nan duk mun tattara. Ka yi godiya."

Na ce, "Karatun yarinya ne."

"Wane karatu?"

"Na jami'a. Shi kuka sare."

Makaɗi ya sauke gangarsa. Wani dattijo ya ce innalillahi. Taubashina ya dubi kwandon, ya dube ni, ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai ne a ciki. Ana cikin haka matansa suka aiko da tuwo da fura na 'yan gayya. Abinci ba ya komawa. Muka zauna a gindin abin da ya rage muka ci, ba mai kallon wani.

Da la'asar na kira ta. Na ce, "Baffanki ya sare rabin jami'arki." Ta ce tana zuwa.

Washegari ta iso. Ta zaga gonar ita kaɗai, na ga tana goge ido da gefen hijabi. Ban je kusa ba. Sai ga taubashina da zabuwa a hammata, ya tsuguna mata, babba da shi.

"'Yata, ni na yi. Wallahi na zaci jifa ne."

"Baffa, jifa da lamba?"

"To ai masu jifan yanzu sun waye."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Ta karɓi zabuwar.

Ta kira malamin da ke duba bincikenta, ta nuna masa gonar ta waya. Ya tambaya ko an tone kututturen ne ko sara kawai aka yi. Ta ce sara ne. Ya ce ta koma makaranta su zauna. Kwanakin da ta yi can ban ji daɗin abinci ba. Taubashina kuwa kullum sai ya zo ya zauna a ƙofar gidana, bai ce bawana ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi komai damuna.

Ta dawo da magana. Malamin ya yarda a sauya binciken: a gwada waɗanda aka sare da waɗanda aka bari, a ga yadda kowanne zai yi cikin damina. Amma da sharaɗi. Sai kowane gwangwani ya koma kan kututturensa na asali, in ba haka ba awon da ta yi a baya ya tashi a banza. Kuma sai an gama kafin ruwa ya sauka.

Taubashina ya miƙe. "A kira gayya!"

Wannan karon ni na kira, da bakina, bayan sallar asuba. Na tsaya a ƙofar masallaci na ce, "Waɗanda suka kwance, su zo su ɗaura." Suka zo har da waɗanda ba su kwance ba. Ita tana gaba da waya tana duba hoto, tana gane kututture da iyakar gona ko gidan tururuwa ko wani dutse, tana kiran lamba. Taubashina yana biye da kwando. Shi ma bai yi boko ba, sai ya miƙa gwangwani ta ce ba shi ba ne, ya ce gwangwanin ne ya juya. Samari suna kafa turaku suna ɗaurawa. Makaɗin ya zo da gangarsa, ya rasa kiɗan da ake yi wa ɗaurin ƙyalle, ya yi na noma. Kaɗan ne ba a gane wurinsu ba, ta ce za ta rubuta gaskiya cewa sun ɓace.

Ruwa ya sauka, na shuka gero a tsakani. Duk daminar tana zuwa awo, Baffanta ne mai riƙe mata bakin tef. Ko akuya ta doshi gonar, shi yake fara jifanta.

Ranar da ta tsaya gaban malamai ta kare binciken, ina cikin gona ta kira.

"Baba, na wuce."

Na ce, "Madalla."

Taubashina ya karɓe wayar ya ce mata rabin digirin nasa ne, don ba don gatarinsa ba da ba ta sami abin gwadawa ba. Ta ce ya zo Kano ya karɓa. Ya je kuwa, da babbar riga, ya shiga hoto ya tare ni.

Yanzu tana bautar ƙasa a kudu. Ni ina nan ƙauyenmu, ina noma gonar bakin hanya. Itatuwan kalgon da ba a sare ba sun wuce kaina, a inuwarsu nake hutawa.