Fim ɗin da Baffa Ya Gani a Kano

A gidanmu Baffa ne kaɗai ya taɓa shiga silima. Ƙanen mahaifina ne. A zamanin samartakarsa, da an gama kaka sai ya kama hanyar Kano cin rani, yana tura kura a kasuwa, ba ya dawowa ƙauyenmu na ƙasar Ajingi sai hadari ya fara haɗuwa. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ne ya kalli wani fim ɗin Indiya, wanda har yau idan ana musu a majalisa kan fim ɗin da ya fi kowanne, shi ake fara kamawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don masoyansa suna da yawa, kuma wasunsu maƙwabtana ne.

Mu yaran gida a bakin Baffa muka san shi. Lokacin tsinkar gyaɗa yake ba mu, muna zaune a gindin tsamiyar bakin gona, kowa da tarin harawa a gabansa. Baffa ya iya ba da labari. Yakan yi muryar tsohuwa, ya yi ta mugu, ya yi kukan jirgin ƙasa, har waƙoƙin yakan rera da wani Indiyanci nasa na kansa. Hannunmu ba ya tsayawa idan yana magana, don da ya ga an yi sanyi da aiki sai ya yi shiru.

Ga labarin yadda ya ba mu. Wata mata ce mijinta ya mutu ya bar ta da ɗa ɗaya da gona ɗaya. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, sai ya sami damar tafiya birni karatu. Uwar da bakinta ta ce ya tafi, ta raka shi tasha. Bayan tafiyarsa wani mai ƙarfi a garin ya ƙwace gonar. Kullum uwar tana zuwa tashar jirgi tana duba masu sauka, tana kuka har idonta ya rufe. Ranar da ɗan ya dawo, sanye da kwat da takalmi mai ƙyalli, sai ya ci karo da mutane ɗauke da gawa. Ya tambaya ta wace ce, aka faɗa masa. A nan Baffa yakan sauke murya, ya ce yaron bai ƙara dawowa cikin hankalinsa ba, a tashar nan ya ƙare yana yawo yana kiran uwarsa. Matan gidanmu sukan share ido da gefen mayafi. Ni kuwa sai in juya in kalli Inna, mahaifiyata.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Gaya mahaifina ya rasu. Gandun gidanmu, wanda suke nomawa tare da Baffa, ya koma hannun Baffa shi kaɗai, kuma 'ya'yansa maza a lokacin duk ƙanana ne. Ni ne namiji ɗaya a ɗakin Inna. Da sakamakon jarrabawa ya fito, sai na sami gurbi a makarantar koyon aikin lafiya a Kano. Malaminmu na kimiyya shi ya yi mini cuku-cuku, ya hau babur har ƙauye ya kawo labarin. Inna ta yi guɗa, ta ce a tafi, Allah ya sa albarka.

Washegari Baffa ya ce in raka shi gona mu duba dawa. Muka zaga har ƙarshen kunya. Da muka juyo sai ya tsaya.

"Ɗana, na ji labari, kuma na yi murna. Ni ban hana ka ba, kada wani ya ce maka na hana ka."

Na ce, "Na gode, Baffa."

"Abu ɗaya kawai. Ka ji uwarka ta ce ka tafi, ko? To ita ma waccan haka ta ce. Uwa ba ta cewa kada a tafi. Kai dai ka tuna yadda fim ɗin nan ya ƙare."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wanda bai tashi a gindin tsamiyar nan ba zai ce wace irin wauta ce mutum ya ajiye karatu saboda fim ɗin da bai ma gani ba. Amma ni tun ina ƙarami labarin yake zaune a ƙirjina, ga kabarin mahaifina ko ciyawa bai fitar ba. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga Inna a bakin titin Gaya tana leƙa motocin Kano. Na je na ce wa malamina na fasa. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya gaji. Inna ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sosai ba, ni kuma ina ganin ai don ita na yi.

Haka na zama manomi. Na riƙe garmar shanu, na yi shuka da noma da girbi tare da Baffa shekara da shekaru. Da 'ya'yansa suka tasa, ɗaya bayan ɗaya ya tura su Kano karatu, da hatsin gandun nan aka yi musu guzuri. Wallahi ban ji komai a raina ba. Ina ganin su suna da 'yan'uwa da yawa, uwarsu ba za ta rasa mai kula da ita ba. Har wani alfahari nake ji, cewa ni ne ɗan da bai tafi ba.

Fim ɗin kuwa na zama babban mai kare shi. Ranar kasuwar Gaya, idan na sayar da abin da na kawo na zauna wajen mai shayi, da an ɗauko musun fina-finai sai in ce babu kamarsa, kuma ƙarshensa ne ya sa ya fi kowanne. Waɗanda suka gan shi sai su gyaɗa kai, su ce gaskiya ne, ƙarshen nan ba dama. Ashe ni da su ba abu ɗaya muke nufi ba. Lokacin da gidajen kallo suka cika gari ana saka kaset, sau da yawa an ce ana nuna shi, ban taɓa shiga ba. Ina jin ba zan iya kallon mutuwar tsohuwar nan ba alhali tawa uwar tana raye.

Inna ta rasu da tsufanta, a ɗakinta, ina riƙe da hannunta. Bayan an share makoki da 'yan watanni, wata ranar Juma'a na sauko daga masallaci a Gaya, sai na bi ta shagon wani mai tura fina-finai a waya. Na tambaye shi ko yana da shi. Ya yi dariya ya ce wanda ba shi da wannan ai bai buɗe shago ba, har da fassarar Hausa. Ya tura mini.

Da la'asar sakaliya na jingina wayar da butar shayi a tsakar gida, ni da matata muka zauna a tabarma. Ita 'yar Gaya ce, ta gan shi tun tana gidansu, amma ba mu taɓa zancen labarinsa dalla-dalla ba. Ta san dai ina girmama shi.

Farkonsa ya zo daidai da na Baffa. Ga matar, ga ɗan, ga gonar, ga tashar jirgi. Akwai waƙa ɗaya da aka yi a cikin gonar alkama, ita kam ta yi kyau ƙwarai. Amma tun kafin a kai tsakiya na fara gyara zama. Fim ne mai tsawon tsiya. Akwai wani ɗan barkwanci da yake ta faɗawa cikin kwata, ba ya ba da dariya, kuma ba ya fita. Yarinya ta ga saurayi sau ɗaya, sai ga su a kan dutse suna rawa, sun canza kaya ya fi a ƙirga. Mugun kuwa ko yaro ya gan shi ya san mugu ne, don gashin bakinsa ma ya isa shaida. Na daure, ina cewa a raina duk wannan ba komai, ƙarshen nake jira.

Jirgi ya tsaya. Ɗan ya sauko da kwat ɗinsa. Na ɗan kawar da kai. Sai na ji matata tana cewa, "Yauwa, nan ne wajen daɗin."

Tsohuwar tana zaune a kan benci, da ranta. Ta shafa fuskarsa ta gane shi. Ashe lauya ya zama. Ya shiga kotu ya ƙwato gonar, aka ɗaure mugun, ya kai uwar asibitin birni aka buɗe mata ido. Aka yi biki, duk garin ya fito rawa, har da ɗan barkwancin. Tsohuwar tana tsakiya tana nuna ɗanta ga mutane, tana alfahari da ranar da ta tura shi karatu.

Na ce, "An canza shi."

Matata ta ce, "Me aka canza, maigida?"

"Uwar mutuwa take yi. Shi kuma ya haukace."

Ta dube ni da kyau. "A wane fim ɗin? Ni dai tun ina yarinya haka na san shi."

Ban yarda ba. Da kasuwa ta zagayo na koma shagon, na ce masu fassara sun lalata fim. Mai shagon ya ce masu fassara magana suke sakawa, ba sa tayar da matacce. Wani dattijo mai gyaran keke a gefen shagon ya sa baki, ya ce shi a silima ya gan shi a Kano tun ana yayinsa, kuma haka ya ƙare, har mutane suka miƙe suna tafi.

Daga nan gidan Baffa na wuce. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, sannan na ce, "Baffa, na kalli fim ɗin nan."

Hannunsa bai tsaya ba. "To, madalla. Ka ga abin da nake faɗa muku."

"Uwar ba ta mutu ba, Baffa."

Ya ci gaba da murza rama a cinya. Ina ta fata ya ce wuta ce ta ɗauke a silimar kafin a gama, ko ya fita sallah, ko tsufa ya sa ya haɗa shi da wani fim. Ko wanne ya faɗa zan karɓa hannu biyu.

Ya ce, "Na sani. Har ƙarshe na gan shi."

"To me ya sa?"

"Da farko don ku yi aiki ne. Na lura idan na kashe ta kun fi natsuwa, mata ma sun fi so. Nasu ƙarshen ai na yara ne, rawa da tsalle." Ya ɗan yi murmushi, kamar mai jiran in yaba masa.

"Ranar da muka je duba dawa fa?"

Murmushin ya tafi. "Yayana ya rasu. Yarana ba wanda ya kai riƙe garma. Idan ka tafi wa zai noma gandun? Kai da uwarka me za ku ci?" Ya ɗago ya dube ni. "Ka ci, ka sha, ka yi aure, ka sa uwarka a kabari da hannunka. Me ka rasa?"

Ina da amsa, amma ba irin wadda ake ba ƙanen uba ba ce. Da ya ce mini a wancan lokacin, ɗana ina buƙatarka, zauna ka taimake ni, mai yiwuwa da na zauna, kuma da na san don wa na zauna. Amma ya bar ni ina ganin ran uwata nake ceto, alhali ita abin da take so shi ne in tafi. Ta mutu ba ta san dalilin da ya sa na ƙi jin maganarta ba. Na miƙe na ce a tashi lafiya.

Yanzu idan aka tambaye ni ko fim ɗin ya cancanci sunan da ya yi, nakan ce fim ne mai kyau a zamaninsa, waƙa ɗaya mai daɗi, tsohuwar ta iya wasa, sauran kuwa ja ne da hayaniya. Na ga waɗanda suka fi shi, har a cikin namu na Hausa. Abin da ba na faɗa a fili shi ne, wanda Baffa ya ƙirƙira ya fi na ainihin ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wannan yana cikin abin da yake ƙona mini rai.

Bayan girbin shekarar na aika wa dattawan gida cewa ina so a raba gandu. An yi mamaki, an yi ta zuwa ban baki, an tambaye ni abin da ya faru, na ce ba komai, lokaci ne ya yi. Wa zan gaya wa cewa a kan fim ne? Baffa bai ja ba. Mai unguwa ya zo da shaidu aka auna, aka ba ni kason mahaifina ta gabas, na dasa gamba a kan iyaka. 'Ya'yansa suna aiko masa da kuɗin 'yan ƙwadago daga Kano. Da damina yakan zo da sanda ya zauna a inuwa yana kallon masu yi masa noma. Idan na iso bakin gambar nakan ɗaga murya in ce Baffa ina kwana, ya ce lafiya lau ɗana, ya aiki. In ce da godiya, in juya shanuna.