Kwalba Mai Jan Zare

Da hantsin nan na yi wa Malama Saude filashin kamar yadda na saba. Aka kira ni, na ɗauka ina cewa, "Malama, an tashi lafiya?" Sai na ji muryar namiji.

Ya ce shi ƙaninta ne. Ya ce, "Baiwar Allah, Yaya ta rasu bayan asuba. Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Waken da na ɗora ya ƙone ƙurmus, sai maƙwabciyata Ladidi ce ta jiyo ƙauri ta shigo ta sauke.

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Bakina na ta faɗa. Zazzaɓin kwana biyu, in ji shi. Ranar Alhamis fa muka rabu, da ƙafarta ta rako ni bakin titi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malamar kemistiri ce a wata babbar makaranta a Kazaure, tana kuma aikin gwaje-gwaje a lab. Ni a firamare na tsaya. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi a Roni tun ina amarya.

Ranar da ta fara zuwa ƙungiyarmu ta masu matsar mai, mun ajiye mata kujera. Ta cire takalmi ta hau tabarma, ta ce mu fara koya mata tukuna. Ta yi juyin tunkuza har hannunta ya sage, muna ta yi mata dariya.

Bayan nan ta ɗiga maina a cokali mai zafi, ya hau tartsatsi. Ta ce, "Yaya Hanne, kin ji wannan ƙarar? Ruwan zafin da kika zuba wajen matsa ne bai gama fita ba. Shi ke sa mai ya yi wari da wuri." Tun ranar nake mayar da shi wuta kaɗan-kaɗan har kumfa ta kwanta kafin in ɗura.

Ita ta hana mu jera kwalabe a rana. Ita ta hana mu zuba mai a jarkar da aka taɓa sa fetur, ko sau nawa aka wanke ta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar gyaɗa mai fumfuna. A da mukan haɗa da ita, muna cewa wuta za ta cinye komai. Malama ta ce akwai wata guba a cikinta da suya ba ta gama kashewa, tana taɓa hanta a hankali, kuma ta fi zama a ƙuli-ƙuli, wanda yara suka fi ci. Na ce ai ni da hanci nake gane lalatacciya. Ta yi dariya ta ce, "Hancinki ya fi wani injin namu aiki, Yaya, amma wannan ba ta da wari."

Duk matsar da muka yi, mukan kai mata 'yar kwalba ɗaya da ƙullin ƙuli ta gwada. Da ta lura rubuta suna yana ba wasunmu kunya, sai ta sayo zare kala-kala ta raba mana. Ladidi kore, ni ja. Sai mu ɗaura a wuyan kwalba, shi ne sunanmu.

Bana ruwan ƙarshen damina ya daki gyaɗata tana shanya. Kwana uku ina tsinta, amma hankalina bai kwanta ba. Na matse na sami jarka huɗu da kwano biyu na ƙuli. Ranar Alhamis na hau mota na kai mata.

Ta ɗaga kwalbar ta duba a haske, ta ce, "A ido kam ya yi kyau. Amma kar ki sayar, kar ki ba kowa ko ɗanɗano, sai na kira ki. Kin yi min alkawari?"

Na ce na yi.

Ta ce, "To, ki gaida Malam da yara. Ki daina tsugunon nan da yawa, gwiwarki."

Shi ke nan maganarmu ta ƙarshe. Yau kiran sakamakon nake jira.

Iya Abu, mai ƙosan da take suya a bakin firamare, tun jiya ta aiko tana son jarka biyu. Ɗazu Ladidi ta zauna tana ba ni baki, ta ce, "Hanne, mai ga shi garau kamar zuma, wa zai sani?" Na san tausayina take ji, don wannan man shi ne duk abin da na samu a gonar bana. Amma 'yan makaranta ne za su ci ƙosan. Na aika wa Iya Abu ta nema a wani wuri.

Allah Ya jiƙan Malama Saude, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Ya sa duk cikin yaron da ta tsare ya zame mata sadaka mai gudana. Ya ba iyalanta haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, ko bai san ta ba.

In kuma akwai abokin aikinta a nan, akwai wata 'yar kwalba a lab ɗinku, ba suna a jiki, sai jan zare a wuya. Tawa ce.

Jarkokin na nan a ƙuryar ɗaki a rufe. Ba a faɗa min sakamako ba tukuna.