Sha Ɗaya da Sha Uku

Mu biyar ne a bakin murhu a gidanmu na Katagum: Dada, kakarmu ta wajen uwa, ni Hassana, Husaina da muka zo duniya tare, ƙanwarmu Gambo, sai Goggo Ladi tana ɓarar gyaɗa. Dada ba ta soma tatsuniya sai ta janyo faifai ta dumbuzi gyaɗar Goggo tukuna.

Ta ce an yi wasu tagwaye makiyaya wajen Udubo, Hassan da Husaini, kowa da shanu goma sha biyu. Kura ta aiko musu cewa gobe tana tafe da 'ya'yanta. Ba ta faɗi su nawa za ta zo da su ba. Ita kuwa kurar nan da sharaɗinta. Garken da zai rabu wa 'ya'yanta daidai, kowa ya sami biyu ko fiye, shi take ci. In saniya ta yi saura, faɗa zai kaure har su cinye uwarsu.

"To, sarakan ci, ku raba min sha biyu," in ji Dada.

Ta ƙirga wa ni da Husaina gyaɗa sha biyu-sha biyu, muka raba. Kashi biyu ta rabu, uku ta rabu, huɗu ma, shida ma.

"Kun gani? Sha biyu ba ta da zuciya. Kowa ya yafuto ta sai ta bi shi."

Sai Hassan ya kwance saniya guda ya kai garken ɗan'uwansa. Nan Dada ta ɗauke ƙwaya ɗaya daga gabana ta ajiye gaban Husaina.

"Tawa ce!" na ce.

"Ke dai Allah ya shirye ki. Zauna ki ga ikon Allah."

Kura ta zo kan sha ɗaya. Ta kasa biyu, saura ɗaya. Ta kasa uku, saura biyu. Huɗu, biyar, duk da saura. Ta koma kan sha uku, ita ma ta ƙi rabuwa. Haka ta kaɗa 'ya'yanta daji da yunwa, shanu ashirin da huɗu suka kwana lafiya.

Gambo ta ce a gwada shida-shida. Biyar da bakwai, dukansu suka tsaya. Sha takwas ma ta ba mu sha bakwai da sha tara. Goggo ta ce a gwada ashirin da huɗu. Ashirin da uku ta tsaya, ashirin da biyar ta zube biyar-biyar.

"Ba a kowace ruga ake samun tagwayen nan ba," in ji Dada. "In ƙirga ta yi nisa suna ƙaranci. Amma ni ban kai inda suka ƙare ba."

Ƙirgar na riƙe. Ban yi boko ba, amma har yau ba a kasa min kaya a cuce ni.

Da Inna ta rasu, ta bar mana tasoshi ashirin da huɗu ni da Husaina, don Gambo ta kwashi nata tun a aurenta. Ni na raba, sha biyu-sha biyu. Wata ƙarama mai lotsattsen baki, wadda Inna ke dama mana fura a ciki, ta faɗo kashina. Husaina ta ce, "Hassana, bar min wannan." Na ce in tana so ta kawo musaya. Ta ce ita ba ciniki ta zo ba. Na ce to daidai aka haife mu, daidai za mu tashi. Ta naɗe tabarmarta. Ta zauna Katagum, ni ina Azare, shekara ashirin sai gaisuwar biki da ta mutuwa. Tasoshina kuwa, 'ya'yana mata uku suka yi aure, huɗu-huɗu, ko ɗaya ba ta kwana a ɗakina ba.

Makon jiya jikata Rabi tana bitar karatu da magariba, na ji tana cewa sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, sha tara.

"Wa ya ba ki shanun Dada?"

"Wane shanu kuma, tsohuwa? Lambobi ne da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. In biyu ce tsakaninsu, tagwaye ake ce musu. Malaminmu ya ce har yau ba wanda ya tabbatar ko suna ƙarewa."

"Dada ta riga malaminku."

Rabi ta yi dariya. Ni ban yi ba. Shekara sittin ina ganin wayon Hassan a labarin nan, ban taɓa lura cewa shi ne ya yarda ya kwana da kaɗan ba. Kuma babba ne, sunansa nake ɗauke da shi. An ce min idon Husaina ya soma dushewa tun bara.

Da gari ya waye na tafi gidan Asabe, babbar 'yata, na buɗe kabad ɗinta na zaro mai lotsattsen bakin.

"Inna, sai ki bar ni da uku?"

"Uku ba ta rabuwa," na ce.

Na ƙulle ta a gefen mayafi na nufi tashar Katagum.