Jakin da Ya Tona Asirin Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mawaƙi ne da ba ya son a saurare shi. Ya bar waƙar biki tun ina ɗan makaranta a lakwal, ya koma wata rijiya a kan hanyar Azagor yana shayar da dabbobin mutane. Rijiyar tana da zurfi, jaki ke jan guga. Idan jakin ya kama tafiya da igiya sai Kawu ya ɗauko baiti, a kan girman Allah ko ƙuncin kabari, guga na isowa baki baitin na ƙarewa. Abin da yake so a duniya bai wuce a ƙyale shi ba.

Wani makiyayi ne ya ɗauki muryarsa a waya, kafin a ce me ta cika kasuwar Dakoro. Ba wanda ya san mai ita. Mata na ji suna hawaye, amma a tsakiyar waƙar mutuwar nan akwai inda jaki ke ɓarkewa da kuka, wani kuka mai shaƙewa a ƙarshe kamar an taka masa wuya.

Ina wurin ranar da wani ma'aikacin rediyo ya zo daga Maraɗi, ya sha yawon rijiyoyi duk ya yi buɗu-buɗu.

"Baba, ko kai ne mai waƙar nan?"

"Wace waƙa, yaro? Ni ko kiran awaki ban iya ba."

Mutumin ya juya ke nan zai hau babur, sai jakin ya ɗaga kai ya saki kukansa, har da shaƙewar. Baƙon ya tsaya cak. Ni dariya ta kusa jefa ni rijiya.

Kawu ya harari jakin ya ce, "To ga mawaƙin nan, tafi da abinka."

Bayan nan baƙi suka yi ta zuwa, kowa da wayarsa a ɗage. Ranar kasuwa Kawu ya kai jakin ya sayar, ya sayo wani matashin jaki. Masu zuwa suka rasa shaida, ƙafa ta ɗauke.

Sai dai sabon jakin sauri gare shi. Guga kan iso baiti bai kai rabi ba, Kawu ya tsaya baki buɗe da igiya a hannu. Ya gwada gajarta waƙar, ta ƙi. Ya samu shirun da yake nema, har ya yi masa yawa, kuma abin ya taɓa ni ƙwarai.

Da na koma bara, na same shi a gindin rijiya. Ya nuna wayata ya ce, "Kunna mini wurin da tsohon jakin yake kukan nan."