Hannun da Ya Dafa Iska

Jawahir mai turaren wuta a Kwaciri ta girma da haushin abu ɗaya. Mahaifinta, Malam Kyari mai hoto, bai taɓa ɗaukarta a tsakiya ba. Duk shekara sai ya tsayar da ita a hagu, ya ce, "Miƙa hannu kamar kin dafa wani." Haka za ta dafa iska tana kumbura baki.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa, wata mata ta zo daga Sabon Gari da sarƙar gicciye a wuya, ta ce sunanta Linda, ita ma 'yarsa ce. Jawahir ta miƙe za ta kore ta, sai matar ta zube hotuna a tabarma. Labulen baya ɗaya da na hotunan Jawahir, atamfar iri ɗaya, amma Linda tana dama, kafaɗarta a karkace.

Jawahir ta ɗauko nata hoton, ta ɗora a gefen na baƙuwar. Yatsunta na cikin hoton suka sauka daidai kan kafaɗar Linda.

"Duk sanda zai ɗauka, sai na ji nauyin hannu a nan," in ji Linda.

Jawahir ta matsa hagu a kan tabarmar.

"Zauna, Yaya. Ga wurinki."