Birkin Hagu na Motar Sama'ilu

Da asubar ranar sunan jikarsa ta fari, Sama'ilu yana ƙofar gidansa a Kazaure da bokiti biyu yana wanke mota. Na wuce shi ina dawowa daga masallaci. Tsohuwar bas ce, ta girmi 'yarsa Bahijja da ta haihu a Gwiwa, amma yadda yake goge ta sai ka rantse jiya aka sauke ta.

Shekara goma sha tara yana jigila tsakanin Kazaure da Babura. Da aikin kwandasta ya fara. Ba ya zagin fasinja, ba ya wuce tsohuwa a bakin hanya, ya san mai sauka a Yankwashi tun kafin ya yi magana. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma ni bakanike ne, ƙarƙashin mota nake gani, kuma bai taɓa bari na leƙa ƙarƙashin tasa ba.

Da hantsi ya shigo garejina. Sau uku ya taka birki kafin motar ta tsaya, yana takawa yana murza sitiyari hagu.

"Daudu, duba min odar nan, muryarta ta dishe," in ji shi. "Da azahar zan kwashi Inna da matata Zubaida da matan unguwa zuwa Gwiwa. Ba zan shiga garin surukai da mota kamar mai mura ba."

Ban taɓa oda ba. Na sa jak, na cire tayar gaba ta hagu. Kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan taya in an taka birki, ta yi tsatsa ta daskare. Bututun da ke kai mata mai kuwa an daddake shi da guduma an lanƙwashe.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani mai gyara a bakin hanya. Yoyo take, ya toshe. Na wucin gadi ne."

"Yaushe?"

"Kafin azumin bara." Ya sosa ƙeya. "Ko na bara waccan."

Na buɗe gwangwanin man birki, sai ga kumfa. Ruwan omo ne. Ya ce mai ya taɓa ƙare masa a hanya ya zuba, ya ga tana tafiya, ya ci gaba. Shekara biyu ke nan yana ɗaukar mutum goma sha huɗu da birkin taya uku. Duk takawa motar ta fizga dama, shi kuma ya tare ta da hannu.

"Ƙafata ta san motar nan, Injiniya. Ko kaza ban taɓa takawa ba."

"Hanyar Babura shimfiɗaɗɗiya ce. Yau ta Roni za ka bi, da gangare da kwana, da mahaifiyarka a baya."

"Allah ne ke tsarewa."

"Shi ya kawo ka nan."

Ya shiga bayani. Sama'ilu in ya fara bayani sai ka yi sallah ka dawo ka tarar bai kai rabi ba. Na kwashe notocin tayar na zuba a aljihu, na tsallaka shagon Silvanus mai sayar da kayan gyara. Muka tono kalifar hagu 'yar Kwatano a ƙasan tarkace, da sabon bututu da robobi. Ta dama ba ta mutu ba, amma omo ya fara cinta. Na fitar da fistin ɗinta, ƙarfen da mai ke turawa, da ƙyar, na goge shi har ya yi sumul, na sa sabuwar roba. Na wanke layin gaba ɗaya, na zuba man gaske. Shi na sa ya zauna yana taka birki ina fitar da iska, yana takawa yana duba agogo yana tsaki.

Azahar ta wuce. Matan suka gaji da jira a gida suka biyo mu gareji da kwanukansu da ƙullin kayan jarirai. Inna Dela, mahaifiyarsa, ta zauna a benci ƙarƙashin darbejiya. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta ce in koma bakin aikina.

Dab da la'asar na ɗaure taya. Na ce kafin kowa ya shiga, ya gwada a filin bayan gareji.

Ya ja da gudu, ya taka. Motar ta kama nan take, shi kuwa hannunsa ya yi abin da ya saba, ya murza hagu. Ta kwashi wata tsohuwar duro ta yi gaba da ita.

Ya leƙo ta taga. "Ka ɓata min mota."

Na ce ya sauko. Na shiga, na ja, na taka, na saki sitiyari ma don ya gani. Ta tsaya cak a miƙe. Ya karɓa ya sake. Hagu. Ya sake, ya ƙanƙame sitiyari har jijiyar wuyansa ta fito. Da sauƙi, amma hagu. Sau biyar. In yana sane yana iya riƙe hannun, in birkin ya zo masa ba shiri sai hannun ya riga shi.

"Kwana biyu zan saba," in ji shi.

"Gangaren Roni ba zai jira ka kwana biyu ba."

Ya sake buɗe baki zai yi bayani. Inna Dela ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ni ta kalla.

"Daudu, gaya wa mai motar nan ina son in ga yarinyar da idona yau. In kuma kwana da raina."

Zubaida ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin kwano.

Hamma, wani direba daga tasharsu, yana gefe ana yi masa facin taya. Tun da Sama'ilu ya sayi motar nan babu wanda ya taɓa zama a kujerarsa, ko ni sai yau. Ya daɗe a tsaye da makulli a hannu. Sannan ya taka ya je wurin Hamma.

"Giya ta biyu tana son lallashi," ya ce masa. "Kada ka danna oda, ba ta yi."

Hamma ya karɓi makullin yana dariya. "To, Malam kwandasta, a loda."

Sama'ilu bai kula shi ba. Ya kama hannun Inna ya shigar da ita gaba, ya jera matan, ya tura kwanuka ƙarƙashin kujeru. Wuri ɗaya ya rage, ɗan bencin bakin ƙofa. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna, aka ɗora masa kular shinkafa a cinya, ya miƙa hannu ya ja ƙofar ya rufe.